Yamai ta Zamanin Nasara: An Sauya Sunayen Tituna, Saura Sunayen Mutanen Zango

A watan Oktoba na 2024 aka sauke sunan De Gol daga babban titin nan na tsakiyar Yamai aka ɗora na Jibo Bakari. A lokacin ne kuma hoton Thomas Sankara ya maye gurbin na Monteil, sojan Faransa, cibiyar al'adun da ke ɗauke da sunan Jan Rush, Bafaranshe mai shirya fina-finai, ta koma ta Mustafa Alasan, mai shirya fina-finai ɗan ƙasa. Na yi murna, don Jibo ya cancanta. Shi ne zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko a 1956, shi ne ya ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, ya kuma biya kuɗin wannan a'ar da gudun hijira na shekaru. Sai dai tun ranar wani abu ke ci mini tuwo a ƙwarya: in aka ce a lissafa mutanen Yamai ta zamanin Nasara, daga gwamna sai ɗan siyasa, kamar su kaɗai suka kwana a garin.

Jerin da aka saba ji gajere ne. Akwai Kyaftin Salaman, wanda ya kafa barikin soja a bakin kogin Isa, wato Kwara, wajen 1902, lokacin da Yamai ba ta wuce 'yan ƙauyuka ba, su Mawre da Kalle da Gaweye. Ya jawo baƙi su zauna, har Hausawan wancan zamani suka riƙa cewa garin Kyaftin Salma. Akwai Gwamna Jules Brévié, wanda a hannunsa aka ɗauke hedikwatar ƙasa daga Damagaram aka dawo da ita Yamai a 1926, saboda ƙarancin ruwa a can da kuma kusancinta da Ingilishi na Kano. Daga nan sai 'yan boko: Bubu Hama, ɗan Foneko, malamin makaranta na farko ɗan ƙasa da ya fito daga makarantar horar da malamai ta William Ponty a Senegal a 1929, sai Diori Hamani da Jibo, 'yan uwan juna, su biyun haifaffun Sudure. Ban ce a share ko ɗaya ba. Har Salaman da Brévié ya kamata yaro ɗan makaranta ya san su, ya san dalilin da ya sa aka zaunar da Turawa a unguwar Filato aka bar kwarin Gunti Yena tsakaninsu da baƙar fata. Wanda bai san yadda aka raba garin ba, ba zai gane me ya sa har gobe ma'aikatun gwamnati ke gefe guda ba.

To amma wa ya ɗauki tubalin?

Kakana ya sauko daga Arewa, wajen Dogondutsi, a yunwar 1931, shekarar fara. Ya zo da sanda da ƙwarya, ya sauka a unguwar Zango wurin wani mai masauki da ko sunansa ba mu riƙe ba. Bai daɗe ba aka kama shi aikin dole. Ina yaro nakan ga wani tabo mai kauri a kafaɗarsa ta dama, baƙi ƙirin kamar fatar ganga, in ya cire riga zai yi wanka a bayan ɗaki. Da na tambaya sai ya ce, "Jikana, wannan na tubali ne, wancan na bayan kuma na gardi ne." Bai ƙara ba, ni ma ƙuruciya ta hana ni tsananta tambaya. Ya rasu da sauran labarin a bakinsa, kuma har yau abin na damuna. Irinsa dubbai ne, sai a 1946 aka soke aikin dolen.

Dubi abin da ya faru a Gangel, kusa da Yamai, a 1942. Jan Rush, injiniyan hanya ne lokacin, yana lura da 'yan aikin dole, sai tsawa ta faɗo ta kashe goma daga cikinsu. Duniya ta san Rush, wanda ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004 aka binne shi a Yamai. Ta san abokinsa Damure Zika, ɗan Sorkawa, ta san kakar Damure, Kaliya, wadda ta jagoranci tsafin da aka yi bayan tsawar. Goman nan fa? 'Ya'yan wasu ne, daga wasu garuruwa aka kwaso su, amma a tarihi adadi ne kawai.

Ga kuma Shibo, Bahaushiya daga Shikal a ƙasar Kurfai. Wajen 1925 ita da mabiyanta, 'yan Babule, suka riƙa hawan bori suna kwaikwayon sojan Faransa, suka ƙi bin sarakunan da Nasara ya naɗa. Kwamandan Yamai, Croccichia, ya sa aka kamo su aka kulle, har sunansa ya shiga cikin iskokinsu a matsayin Kwamandan Mugu. Na san akwai mai cewa me ya haɗa mu da 'yar bori. Ni ma ba borin nake karewa ba. Amma mace ce talaka da ta tsorata mai mulki tun kafin a kafa jam'iyyar siyasa ko ɗaya a ƙasar nan, kuma ɓoye ta ba ya ƙara wa imanin kowa komai.

Wasu za su ce ana fama da tsaro da tsadar hatsi, wa ke ta labarin tubali. Gaskiyarsu, ciki ba ya jira. Sai dai wannan aikin ma ba ya jira, kuma ba ya cin kuɗin da allon titi ɗaya ke ci. Wanda yake da shekara goma a 1946 yau yana bakin casa'in. Muna da cibiyar binciken tarihi da al'adu ta IRSH, muna da cibiyar CELHTO da aka kafa a nan Yamai a 1968 takanas don tattara tarihin baka, muna da ɗaliban tarihi a Jami'ar Abdu Mumuni, kowanne da waya mai ɗaukar murya a aljihu. A tura su Zango da Gamkalle da Yantala, su zauna da tsofaffi, musamman mata, don su ne suka riƙe wa ya zo daga ina, wa ya auri wa, wace ce ta fara tuyar ƙosai a bakin kasuwa. A tambayi sunayen mahauta da fatake da masu masauki, da tafintoci da kukun Nasara, har da gardawan da suka riƙe bulala, don su ma mazauna garin ne. Rediyon Muryar Sahel ta sa hirarrakin da Hausa da Zabarmanci.

A makon jiya na koma Zango neman wata tsohuwa da aka ce ta san gidan da kakana ya sauka. Na tarar da jikarta tana wanke-wanke a ƙofar gida. Ta ce, "Baba, ai kun makara, Inna ta rasu tun da azumi."