Sauya sunan fayil ba ya sa na'urar jirgi ta karanta shi

Da yawa daga masu tuƙa jirgin sama a kwamfuta sun ɗauka tsarin tafiya fayil ne guda da kowace na'urar nuna hanya za ta karanta. Har akwai masu sauya ƙarshen sunansa daga .pln zuwa .fms, su zuba wa allo ido suna jiran hanya ta fito. Ba za ta fito ba. A cikin manhajojin tuƙa jirgi a kwamfuta, Microsoft Flight Simulator da .pln yake aiki, X-Plane kuwa da .fms, kuma rubutun da ke cikinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Shi ya sa SimBrief, shafin intanet da ke tsara hanyar jirgi, ke ba ka damar sauke hanya guda a siga daban-daban. Zaɓi wadda na'urarka ta sani, ka ajiye ta inda take dubawa. A X-Plane, jakar FMS plans ce da ke cikin Output.

Ko sigar ta dace, da sauran rina a kaba. Na'urar tana laluben sunayen wuraren da za a bi ne a nata kundin bayanan, wanda ake fitar da sabonsa duk kwana 28 bisa tsarin AIRAC, wato jadawalin duniya na sabunta bayanan zirga-zirgar jiragen sama, kowane zagaye da lambarsa. Idan abokinka ya tsara hanya da sabon kundi, naka kuma ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, sai na'urarka ta rasa wani suna, ta bar giɓi a tsakiyar hanya, ko ma ta ƙi fayil ɗin ɗungurungum. Nan ne ake ɗora wa fayil laifi, alhali lafiyarsa lau. Kafin ku yi musayar hanya, ku fara duba ko lambar zagayen kundinku ɗaya ce.