Gasar dabaru: an tanadi rumfa, an manta da tambaya

Yayana ya turo min shirin da ƙungiyarsu ta manoman rani a yankin Auyo ta tsara, wai gasar sabbin dabaru. Na karanta shi lokacin hutun aiki a nan Ingila. Akwai rumfa, akwai kujeru, akwai babban baƙo, ga babur ga wanda ya zo na ɗaya. Na bi takardar daga sama har ƙasa, ban ga matsalar da ake so a magance ba.

A gidan burodin da nake aiki ma ana irin wannan gasa, kuma ba ta da wani armashi. Tambaya guda ake mannawa a bango, misali yaya za a rage burodin da ake zubarwa a aikin dare. A ba da 'yan makonni, a cire sunaye kafin alƙalai su duba. Kyautar ba ta taka kara ta karya ba, amma ana ware kuɗin gwaji, a sa ranar da za a dawo a faɗi ko dabarar ta yi. Ba sabon abu ba ne. Tun 1951 Toyota ke karɓar shawarwarin ma'aikatanta a tsare.

Cire sunayen nan mu ya fi kamata, ba Turawa ba. Su yaro yana musu da manaja ko a jikinsa. Mu kuwa wane matashi ne zai miƙe gaban Sarkin Noma ya ce shanya tumatir a ƙasa kuskure ne? Matan da suka fi kowa sanin abin da ke ruɓewa a ɗaki ba za su taka rumfar ba. A samu malami ɗaya da malama ɗaya masu riƙon amana su bi gida-gida suna rubutawa, da boko ko ajami, kowace shawara a ba ta lamba.

Dabara kam muna da ita. Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan na tsanewa, ciki na sanyi, kayan miya su yi makonni ba su lalace ba. A 2000 ya samu kyautar Rolex, kuɗin kuma ya taimaka wajen yaɗa tukwanen a ƙauyuka. Ni wannan yaɗawar ce ta fi burge ni.

Na ce wa Yaya: ku tambayi abu ɗaya, me za a yi da tumatir a watan Maris, lokacin da kwando ke faɗuwa warwas a kasuwa? Kuɗin babur a raba wa mutum uku su gwada nasu a wannan ranin, a dawo bayan girbi a auna.

Ya yi dariya, ya ce zai kai maganar gaban shugaba, amma fa an riga an ba mai rumfa kafin alƙalami.