Ajiyar zafin rana don hunturu: namu lissafin daban da na Kanada

Duk wanda ya taɓa fita sallar asuba a Rigasa ko Kawo a Kaduna cikin watan Disamba ya san yadda sanyin nan ke ratsa ƙashi, iyaye mata na fama da gawayi don ɗumama ruwan wankan 'yan makaranta, wasu kuma har su shigar da kaskon wuta ɗaki su rufe ƙofa da taga, abin da ke tayar min da hankali sosai, don iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi.

To a ƙasashen ƙanƙara an daɗe ana gwada ajiye zafin rana na lokacin bazara a ci moriyarsa da sanyi. A garin Okotoks na lardin Alberta a Kanada, an buɗe wata unguwa mai suna Drake Landing a 2007, gidaje 52, aka jera farantai kusan 800 a saman garejojin motoci, ba na lantarki ba ne fa, na ɗumama ruwa ne. Ruwan zafin sai a tura shi ta bututu cikin ramuka 144 masu zurfin sama da mita 30, ƙasa ta sha zafin ta riƙe shi wata da watanni, sanyi na zuwa a janyo shi zuwa gidaje. A hunturun 2015 zuwa 2016 kaf ɗumin gidajen daga rana ya fito. A Vojens ta Denmark kuwa ƙaton rami suka haƙa mai cin ruwa lita miliyan 200 suka rufe samansa don ajiye ruwan zafi.

Abin burgewa ne kam, amma ni ban ga dalilin da za mu kwaso shi yadda yake ba. Su rana guduwa take musu da sanyi, mu kuwa ko ana tsakiyar hazo da azahar ta yi sai ka cire rigar sanyi. Giɓin namu daga la'asar zuwa asuba ne, ba wata shida ba. Ga kuma tsada, ita kanta Drake Landing ɗin a 2024 aka fara dakatar da tsarin saboda kayan sun tsufa gyara ya yi nauyi.

Abin da ya dace da mu ƙarami ne: baƙin bututu cikin akwati mai gilashi a kan rufi, da tankin da aka naɗe sosai yadda zafi ba zai tsere ba, ruwa ya yi zafi da rana ya kwana da ɗuminsa. Ba batir, ba inbata, ba jiran a kawo wuta. Kuma kakanninmu ma sun san wannan dabarar, katangar ƙasa mai kauri da rufin soro tana shan rana ta sake ta cikin dare, mu ne muka koma bulo da kwano, ɗaki ya gasa mu da rana ya daskarar da mu da asuba.

Eh, ƙurar hunturu na rufe gilashi, dole a riƙa gogewa, kuma ranar da hazo ya yi kauri ruwan ba zai yi zafi can ba. Shi ya sa nake so malaman Kadpoly, kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, su zauna da masu walda na kasuwar Panteka su ƙera guda, a kafa shi a wata makarantar kwana a watan Janairu, a riƙa auna zafin ruwan kullum ƙarfe 5 na asuba.