Ku bar yaron nan, masu koyarwa za a tuhuma

Don Allah ku daina yi wa yaron nan dariya. Tun jiya hoton shafin intanet ɗin da ya gina wa matar nan mai turaren wuta a Kubwa yake yawo: kaya na naira 8000, kuɗin kai wa gida 1500, jimilla ta fito 80001500. Kowa ya sa alamar dariya ya wuce. Ni haushi abin ya ba ni. Yaro ya biya kuɗi, ya yi watanni yana shan cunkoson Nyanya zuwa cikin gari, aka miƙa masa takardar shaida cewa ya iya React, wato wani kayan aikin gina shafukan intanet, amma ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda JavaScript, yaren kwamfuta da ke sa shafi ya yi aiki, yake bambanta lamba da rubutu ba. Wanda ya karɓi kuɗinsa shi ne mai laifi.

Abin da ya faru fa darasin makon farko ne. Duk abin da mutum ya rubuta a gurbin cikewa na shafi, JavaScript a matsayin rubutu yake karɓarsa, ko da lambobi ne zalla. Alamar + kuma aiki biyu gare ta: in ta sami lamba da lamba ta tara su, in ɗaya rubutu ne sai ta manna su gefe da gefe. Shi ya sa "8000" + 1500 ya ba da 80001500. Da alamar ragewa ce, "8000" - 1500, da 6500 zai fito daidai, domin a nan yaren da kansa yake mayar da rubutun lamba. Maganin kalma ɗaya ce: Number("8000") + 1500, ga 9500. Buɗe Chrome a kwamfuta, danna F12, shiga konsol, wato wurin da ake rubuta umarnin JavaScript a ga sakamako nan take, ka gwada da hannunka. Ko minti biyu ba za ka yi ba.

To wannan ne aka tsallake. Tushe aka tsallake.

A makarantar allo babu malamin da zai ɗora yaro a kan Baƙara bai gama babbaƙu da farfaru ba. Amma a Abuja sai ka ga sanarwa: zo ka zama gwanin gina shafi cikin mako shida. HTML mai tsara ginin shafi kwana biyu, CSS mai yi masa ado kwana biyu, JavaScript a shafa masa kai a wuce, sai React. Alhali React ɗin nan da Facebook ya saki a 2013 da JavaScript aka rubuta shi, a kansa yake tsaye. Wanda bai san abubuwan farko na JavaScript irin su let da const ba, bai san bambancin == da === ba, me zai gane a can?

Na san za a ce kasuwa React take nema. Kasuwa shafin da ba ya ɓata lissafi take nema, ku tambayi mai turaren nan. Wasu kuma za su ce laifin yaren ne, ai Brendan Eich cikin kwana goma ya haɗa shi a kamfanin Netscape a 1995, dole ya zo da tawaya. Na ji. Amma shi ne yaren da kowace burauza, wato manhajar buɗe shafi irin su Chrome, take ji, a waya da kwamfuta, kuma halinsa a rubuce yake ba a ɓoye ba. Aikin malami ya nuna wa ɗalibi inda ramin yake. Masu cewa ChatGPT zai rubuta musu komai kuwa, ranar da ya ba ka abin da ya karkace, da wane ido za ka gane?

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba jimillar ba ce. JavaScript ɗin shafi a burauzar mai saye yake gudana, a cikin wayarsa ko kwamfutarsa, yana iya buɗe shi ya karanta ya sauya. In a nan kaɗai ake lissafa farashi, sabar, wato kwamfutar da ke karɓar oda a ɓangaren mai shafin, ba ta sake dubawa, wani zai iya mayar da 8000 ta koma 80 ya aika oda. Dukiyar baiwar Allah ce a nan, wadda ta amince ta ba ɗan unguwarsu aiki. An taɓa faɗa wa yaron wannan? Wallahi ina tausayinsa, kuma ƙannenmu irinsa suna da yawa, masu ƙwazo, iyaye sun matse sun biya.

Ƙanena, in kana karanta wannan, kada ka karaya. Ajiye React wata guda, ka koma kan tushe.

Kuma tunda ana yawan tambayata ta akwatin saƙo: koyon JavaScript ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. 'Yar tokumbo ta kasuwar Banex ta isa, burauza da wurin rubutu kawai kake so. Batir ɗin dai za ka duba da kyau, ka sa a cire caja a gabanka ka ga ko tana riƙe wuta, saboda yadda ake ɗauke mana ita a Mararaba.