Ƙannena masu neman shiga jami'a, ku zo mu yi magana

Jiya wani ƙanina ya turo min saƙo wai Yaya na haura 230 a JAMB, yanzu sai jiran admishan kawai. Dariya na yi, don haka na faɗa a nawa lokacin, kuma shekara guda cur na yi a gida ina gaya wa mutane an hana ni ne saboda ba ni da kowa a sama, alhali ni na ɓata abina da hannuna.

Lokacin da na yi rajista sakamakon NECO ɗina bai fito ba, sai aka sa min ina jiran rizal, to da ya fito kiredit ɗina sun cika har da Turanci da lissafi, na ajiye takardar a ƙasan akwati ina ta murna, ban koma santar da ake rajistar JAMB an ɗora min shi a shafinsu ba. Tun 2017 ta CAPS, wato tsarin ba da gurbi da ke shafin JAMB, ake ba da admishan, in sakamakonka na WAEC ko NECO bai hau can ba ko 300 ka ci ba za a ba ka gurbi ba. Ga imel ɗin ma wani yaro ne a shagon kwamfuta ya buɗe min, ban riƙe faswod ba, ban ma san ana shiga a duba ba, ni dai ina zaune ina jiran wani ya kira ni. Wa zai kira ka?

Don Allah layin da ka tura NIN ɗinka da shi ka karɓi lambar furofayil ta yin rajistar JAMB ya zama naka ne, kuma ka riƙe shi kamar ranka, kar ka yi aron na aboki ko na Mama da kullum yake hannun yara.

Sai maganar kwas. Dukkanmu likita muke so, a ajinmu har wanda jini ke sa shi jiri medisin ya cike, don a gida an riga an fara kiransa dokta. Gurbin kaɗan ne, masu nema kamar ƙasa. Jami'o'in tarayya kuma kaso suke yi, kashi 45 cancanta, 35 jihohin da ke yankin makarantar, 20 jihohin da aka bari a baya a boko, shi ya sa za ka ga wanda ka fi maki ya samu kai shiru, ba lallai hanya ya bi ba. In makinka bai kai ba akwai canjin kwas da na makaranta, ka yi da wuri, ka kuma duba ko darussa huɗun da ka zana sun dace da sabon kwas ɗin. Wasu abokaina IJMB suka yi, wato karatun share fagen shiga jami'a, wasu NCE, suka shiga aji biyu kai tsaye ina nan ina taurin kai.

In an ba ka gurbin ma sai ka shiga CAPS ka danna ka amince, ba a bari ya kwana biyu.

Na tambayi ƙanin nawa ko ya ɗora WAEC ɗinsa, ya ce wai ai makaranta za ta yi musu. Na tura masa kuɗin mota, gobe da sassafe zai je santa.