Mai lupus ko ITP da za a yi wa CS, tun a awo ake shirinta

Matan da garkuwar jikinsu ke juyowa ta yaƙe su, irin masu lupus, ITP (ciwon ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini) da antiphospholipid (ciwon gudajin jini), wallahi bai kamata a sa su layi ɗaya da sauran masu ciki ba in an zo maganar CS, wato tiyatar ciro jariri. Nan Ingila inda nake zaune tun a awo ake ware su, likitan haihuwa da na jini da mai allurar kashin baya sai sun rubuta tsari ɗaya a fayil ɗinta kafin ranar aiki. A gida kuwa sau tari sai an buɗe ciki jini ya ƙi tsayawa sannan a fara tambayar miji, wai dama tana da wani ciwo ne, a ce ya fita neman leda biyu.

Kuma fa ba wasu manyan injina ne suka raba mu ba. Gwajin filatilet ne, ƙwayoyin nan masu daskarar da jini, ƙaramin lab ma yana yi. Mai lafiya tana da 150,000 zuwa sama, ita mai ITP nata kan zube ƙasa sosai, likitoci suna son ya kai aƙalla 50,000 kafin su sa wuƙa, allurar baya kuma sai wajen 70,000. Mai antiphospholipid nata daban ne, jininta gudaji yake yi shi ya sa take kan allurar heparin da asfirin masu hana gudajin, to in ba a tsayar da heparin ɗin awa 12 ko 24 kafin aiki ba gwargwadon yawansa ga zubar jini, in ta daina da kanta tun da wuri ga gudaji. Lissafin likita ne wannan, don Allah kar wata ta yanke wa kanta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne tranexamic acid, maganin tsayar da zubar jini. Har da matan Najeriya aka yi babban gwajinsa da ya fito a 2017, aka ga yana rage mutuwar da zubar jini ke jawowa in an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa, to me zai sa a rasa shi a ɗakin tiyata?

Bayan sallama ma a kula, jini na iya ɓallewa makonni bayan aiki. In ƙunzugu yana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya ko jiri na ɗibarta a koma asibiti a take, kuma mai ƙarancin filatilet kar ta sha diclofenac ko ibuprofen don ciwon ɗinki sai likitanta ya yarda.