Mo Ibrahim da ƙarfen sabis: darasin da masu son fasaha a karkararmu suke tsallakewa

A shekarar 1998, lokacin da Mo Ibrahim ya kafa kamfanin da aka sani daga baya da suna Celtel, yawancin manyan kamfanonin waya na Turai ba su ga abin nema a Afirka ba. Talakawa ne, in ji su, ga rashin lantarki, ga cin hanci. Shekara bakwai bayan haka, a 2005, kamfanin MTC na Kuwait ya sayi Celtel a kan dala biliyan 3.4. Wannan adadi shi aka fi ambata idan ana yi wa matasa lacca kan kasuwancin fasaha, amma ni a ganina shi ne mafi ƙarancin amfani ga mutumin Gumel ko Ɗambatta.

An haifi Ibrahim a Sudan a 1946, ya tashi a Masar, ya karanta injiniyancin lantarki a Jami'ar Iskandariyya, sannan ya yi digiri na biyu a Bradford da na uku a Birmingham, duk a Ingila. Ya yi aiki da British Telecom a sashen wayar salula, ya ajiye a 1989 ya buɗe nasa kamfanin, MSI. Sana'ar MSI ita ce tsara hanyoyin sadarwa: ina za a kafa ƙarfen sabis, tsawonsa nawa, wane yanki zai ɗauka. Wato kafin ya zuba ko sisi a Afirka, ya shafe shekaru yana sanin ciki da wajen aikin. A 2000 aka sayar da MSI ga kamfanin Marconi na Birtaniya.

A nan ya kamata mu tsaya, domin matsalar da Celtel ta yi fama da ita a wancan lokaci ita ce har gobe take damun ƙauyukanmu. Ƙarfen sabis yana son wuta dare da rana. Inda babu lantarki, akan ajiye janareta, sau da yawa guda biyu suna karɓa-karɓa, da tankin man dizal, da jerin batura masu riƙe na'urori na 'yan sa'o'i in inji ya tsaya. Man nan kuwa mota ce ke kai shi. Idan damina ta yi nisa, ruwa ya shanye hanyoyin Auyo, Guri ko Kirikasamma, mota ba ta shiga. Mai ya ƙare, batura su zube, sabis ya ɗauke. Abin bai tsaya a gari ɗaya ba. Ƙarafan karkara galibi ba su da wayar ƙarƙashin ƙasa, faranti ne ke miƙa saƙo daga wannan ƙarfe zuwa na gaba, don haka in na tsakiya ya mutu, duk na bayansa sun yi shiru. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar inji tana rufe fuskar sola, zafin bazara yana rage wa batir kwana, ɓarayi kuma batir ɗin da man suke hari. Mai POS a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wanda aka cire wa abokin cinikinsa kuɗi takarda ta ƙi fita, sau da yawa asalin rigimarsa tana can gindin wani ƙarfe da bai taɓa gani ba.

Kamfani kuwa lissafi yake yi: layi nawa ne a garin, kowanne nawa yake kashewa a wata, a cire kuɗin mai, gadi da gyara. In bai fita ba, ba ya zuwa. Celtel ta ci wannan lissafin ne da katin waya na biya-kafin-kira, mai ƙaramin kuɗi, wanda mai tebur a bakin tasha zai iya sayarwa. Ba bashi, ba bin mutum da takardar kuɗin wata.

Sai maganar amana, wadda aka fi son a wuce da sauri. Ibrahim ya sa dokar cewa duk kuɗin da ya haura dala 30,000 sai da amincewar daraktoci zai fita. Manajan da wani jami'i ya matsa wa ya ba da na goro sai ya ce ba shi da iko, kuma gaskiya ya faɗa. Tsabtar littattafan kuɗi ita ta ba cibiyoyi irin su IFC, reshen Bankin Duniya, ƙwarin gwiwar sa kuɗinsu. Ma'aikata ma an ba su hannun jari. Attajiranmu nawa ne za su yarda akanta na waje ya buɗe littafinsu, balle su ba yaron shago kaso?

Kada dai a ɗora masa abin da bai yi ba. Celtel ta shigo Najeriya ne a 2006, bayan an sayar da ita, ta hanyar sayen kaso mafi yawa na Vmobile, wanda ya fara a matsayin Econet a 2001; shi ne ya koma Zain, sannan Airtel a 2010. Gidauniyarsa ta 2006 da kyautar dala miliyan 5 ga tsofaffin shugabanni, wadda Mahamadou Issoufou na Nijar ya samu ta 2020, abin a yaba ne, ko da yake shekarun da aka rasa wanda ya cancanta sun fi waɗanda aka bayar yawa.

Abin da ya rage wa gwamnatocin Kano da Jigawa a fili yake. Horar da matasa rubuta manhaja a Kazaure ko Dutse yana da kyau, amma matashin zai koma garin da sai an hau tudu ake amsa kira. A sauƙaƙa kuɗin izinin shimfiɗa waya, wanda gwamnoni suka amince ya tsaya a naira 145 kowace mita, a hana 'yan kwangilar titi tsinka wadda aka riga aka binne, a ba da fili ga ƙananan ƙarafa masu aiki da sola waɗanda kamfanoni da dama za su hau tare. Akwai kuma asusun USPF na hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, da aka kafa domin yankunan da riba ba ta kai kamfani. 'Yan majalisarmu na tarayya su nemi jerin garuruwan mazaɓunsu da asusun ya taɓa, da waɗanda har yanzu suke jira.